Bangon Ɗakin Malam Abdulmuhaimin

Tandabawi, Makka
Farkon Jimada Ula

Zuwa ga maigidana, Baban Mujahida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ƙafar Inna? Kai kuma yaya tarin nan, ya lafa? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Mujahida tana gaishe ka, ta ce lallai in gaya maka haƙorinta na gaba ya fito.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Akwai maganar da ba na son yi a waya, shi ya sa na nemi wata baiwar Allah da ta zo Umra za ta koma, na ba ta wannan.

An yi ruwa ranar Talata bayan la'asar. Ka san ruwan garin nan, ba ya daɗewa, amma kafin ya ɗauke matakalar unguwa ta zama kogi. Da ya ɗauke na hau rufi in ga ɓarnar da ya yi, sai na ga abin da har yanzu in na tuna gabana yake faɗuwa. Bangon bayan ɗakin Malam Abdulmuhaimin, wanda yake tsaye a saman rufinmu, ya tsage tun daga sama har ƙasa. Tsagar nan ce da ka taɓa cusa wa siminti kafin a kama ka a mayar da kai gida, amma yanzu hannuna yana shigewa ciki. Bangon ya yi ciki, ya leƙo wajenmu. Ƙananan duwatsu sun zubo a kan kwanon, daidai saitin inda Mujahida take kwanciya. Na janye katifarmu zuwa bakin ƙofa, na ce mata kyankyasai ne suka dame ni a wancan lungun.

Na kira abokinka Maman magini ya zo ya duba. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa duwatsun. Daga baya ya ce bangon ba zai jure wani ruwa irin wannan ba. Sai an sauke shi an sake ɗaurawa tun daga tushe, a kuma canja rufin, don gara ta cinye katakon.

Na hau na gaya wa Malam. Na same shi yadda ka bar shi, a kan buzunsa, kuliyoyi kewaye da shi, riga ɗaya a jiki ɗaya a igiya. Idon ya ƙara rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Ya ce shi ko ɗakin ya rufta da shi bai damu ba, ya daɗe da shiri. Na ce, Malam, ba a kanka zai faɗa ba, a kanmu zai faɗa. Sai ya ce in yafe masa, wannan tunanin bai zo masa ba. To amma me yake da shi? Mutumin da bai taɓa aure ba, ba ɗa ba jika, ko riyal aka miƙa masa ba ya taɓawa, abincinsa ma mu ne muke kai masa bi da bi, sau ɗaya a yini.

Sai na tuna da Hajiya Jawahir, mai shagon ɗinki a unguwar Rusaifa. Kai ba ka santa sosai ba. A nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce, amma a gaban Malam ta sauke Alƙur'ani lokacin da iyayenta suke zaune a kan dutsen nan. Na aika mata, ranar ta hawo tana haki. Da ta ga sararin sama ta cikin rufin ɗakin sai ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka. Ta tara mu a ɗakina, ta ce ita za ta ɗauki abin da za ta iya, sauran kuma unguwa ta haɗa. Amma ta ja kunnenmu sosai. Ta ce tara kuɗi ba da izinin hukuma ba laifi ne babba, ko ita mai takarda ba za ta tsira ba, balle mu. Don haka kada kowa ya riƙe kuɗin kowa. Mai bulo ya kawo bulo, mai siminti ya kawo siminti.

Da ka ga yadda mutane suka amsa, da ka ji daɗi. Bayamale mai baƙala, kantin kayan masarufi, ya ce fenti nasa ne. Maƙwabtanmu Barmawa, su ma baƙi ne daga wata ƙasa, sun ce suna da ƙofar ƙarfe da ba sa amfani da ita. Direbobin tasi na unguwar Hindawiyya, waɗanda duk Malam ya koya wa baƙi, sun ce su za su sayi bulo. Mu mata mun yanke kowace Juma'a za mu yi ɗanwake da zoɓo mu sayar, abin da aka samu a kai wa mai yashi kai tsaye. Maman ya ce shi aikin hannunsa ne sadakarsa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Gini ba ya ɓoyuwa. Akwai ƙara, akwai ƙura, akwai mota da za ta tsaya a gindin dutse tana sauke kaya. Rabin mutanen da ke saman nan irina ne, ba iƙama, wato takardar izinin zama, Maman ma haka. In na dubi sama in ji tsoron bango, in na dubi ƙasa in ji tsoron titi. Ka taya mu da addu'a. Kada ka gaya wa Inna zancen bangon.

Ka gaishe da kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Kabira

Tandabawi, Makka
Ƙarshen Jimada Ula

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, da fatan kun tashi lafiya. Na gode da saƙon kilishi, ya iso, na ɗiba na kai wa Malam, shi kuma ya rarraba wa kuliyoyinsa yana ce mini haƙoransu sun fi nasa. Ka ce a waya muryata ta canja. Gaskiya ka faɗa, ga dalili.

Da farko komai ya tafi daidai. Nawaf, ɗan Hajiya Jawahir, shi yake kawo bulo a wanet ɗinsa, motar ɗaukar kaya, maza suna hawa da shi a kafaɗa in sun dawo daga masallaci. Maman ya cire rufin, ya sauke rabin bangon, ya tokare sauran da katako. Aka yi wa Malam 'yar rumfa a bakin ƙofa, a nan yara suke zuwa karatu kamar kullum. Sai rodi ya ƙare, siminti ya ƙare, tushen kuma ya ci kaya fiye da yadda Maman ya zata. Aiki ya tsaya.

Nawaf mutumin kirki ne, ba zan ce ba haka ba. Amma shi bai taɓa sanin abin da ake kira tsoron a tambaye ka takarda ba. Da ya ga aiki ya tsaya, sai ya ɗauki Malam a bidiyo yana zaune a rumfarsa, ya nuna ɗakin ba rufi, ya yi bayani da Larabci cewa ga wani tsoho da ya karantar da unguwa guda bai taɓa karɓar komai ba, ga inda yake kwana. Ya saka a waya don abokansa su gani su taimaka. Bai shawarci kowa ba, har uwarsa.

Kafin a kwana biyu bidiyon ya zagaye gari. Wata maƙwabciya ce ta nuna mini. Baban Mujahida, ka ji abin da na gani a ciki. Ga Maman nan a bayan Malam, fuskarsa tar, yana kwaɓa siminti. Ga ni na wuce da tire a kai. Ga 'yarka tana dariya tana ɗaga hannu. Har sunan masallacinmu ya fito a jikin bango.

Daga ranar baƙi suka fara hawowa. Ba zan zarge su ba, da alheri suka zo. Wani ya kawo dabino, wani barguna, wani har na'urar sanyaya ɗaki ya sa aka hawo da ita, ɗakin da ko rufi ba shi da shi. Siminti ya taru har ya tare hanya. Amma kowa da waya a hannu, kowa yana ɗauka. Suna leƙa lunguna, suna tambayar yara sunayensu. Shekaranjiya wani mai farar jallabiya ya tsaya yana tambayar wa yake da gidan, akwai takardar mallaka, wane ne maginin. Wataƙila son sani ne kawai. Ban tsaya na ji ƙarshe ba, na ja Mujahida muka shige ɗaki na sa sakata, muka zauna shiru har aka kira magariba.

Yanzu unguwar nan ba za ka gane ta ba. Masu 'yan'uwa a Hindawiyya sun kwashe yara sun tafi. Barmawan sun rufe ƙofa, ko shanya ba sa fitowa yi. Na daina fita sayar da ɗanwake. In mota ta tsaya a ƙasa sai ka ji ko'ina ya yi tsit. Waɗansu matan da muka yi dahuwa tare sun daina amsa gaisuwata, suna cewa ni na jawo, ni na kira Hajiya. Ni ma wani lokacin haka nake gaya wa kaina.

Hajiya ta yi wa Nawaf faɗan da ban taɓa jin uwa ta yi wa ɗa mai gemu ba. Ya goge bidiyon, amma waɗansu sun riga sun kwafa. Ya zo ƙofata ya tsaya yana neman kalmomi da 'yar Hausarsa, ya ce, Khala, wato gwaggo, ni ban sani, ki yi haƙuri. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Babban abin shi ne Maman ya daina zuwa. Ya aiko mini cewa in yi masa uzuri, yana da mata da yara a Mirriya da suke jiran abin da zai aika, ba zai iya tsayawa a saman bango kowa yana ɗaukar fuskarsa ba. Ban ga laifinsa ba. Amma bangon nan yanzu ya fi da haɗari. Rabi ne a tsaye, katako ne kawai yake riƙe da shi, ramin tushe kuma a buɗe yake yana jiran ruwa. Ga kaya jibge, ba mai ɗaurawa. Na nemi inda za mu fake ni da yarinyar nan, amma kowa a tsorace yake, ba mai son ƙarin kai a ɗakinsa.

Kullum da safe sai na fara duban sama kafin in ɗora tukunya. Ka roƙa mana Allah ya jinkirta ruwan nan.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata muna lafiya.

Matarka,
Kabira

Tandabawi, Makka
Jimada Akhira

Baban Mujahida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, da Inna, da ƙannenka. Ka yi haƙuri da kashe wayar da na yi kwanakin baya, na ga kiranka daga baya. Muna raye, muna lafiya, wannan na fara faɗa maka don kada ka karanta sauran da fargaba.

Mun ɓoye wa Malam abin da ake ciki, amma makanta ba kurumta ba ce. Ya lura yara sun daina zuwa karatu. Ya lura in na kawo abinci ina ajiyewa in juya ba na zama. Ranar da na kai masa kunu sai ya ce in zauna, ya tambaye ni ina yaransa. Na so in yi kwana-kwana, ya ce shi bai koya wa kowa ƙarya ba a kan dutsen nan. Sai na gaya masa komai, har da Maman. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce a kira masa ɗan Jawahir da wayarsa.

Da Nawaf ya zo, Malam ya sa shi ya sake ɗaukarsa, amma ya ce ya matso sosai yadda ba abin da zai fito sai fuskarsa. Ya yi magana da Larabci a hankali. Ya gode wa kowa, ya yi musu addu'a, ya ce abin da aka kawo ya isa har ya yi yawa, shi kuma ya bar wannan wuri, ya koma wajen wata ɗalibarsa, don haka kada kowa ya wahalar da kansa da hawan dutse. Da aka gama sai ya ce a miƙo masa sandarsa. Muka ce ai faɗa ce kawai, ba sai ya tafi ba. Ya ce in ya faɗa ya bar wurin, to ya bar shi.

Ka san rabon Malam da sauka titi, tun kafin a haifi Mujahida. Masallacinmu ne iyakarsa. Ranar na ga yadda tsufa ya ci shi. Nawaf yana riƙe da hannu ɗaya, ni ina biye da buzu da ɗaya rigar da Alƙur'aninsa, shi ke nan kayansa. Yana sauka yana hutawa, ƙafafunsa suna rawa. Mutane suka leƙo ta tagogi, ba wanda ya iya fitowa. Kuliyoyin suka bi mu har gindin dutse suka tsaya. Da zai shiga motar sai ya ce mini in riƙa ba su ruwa.

Dabararsa ta ci. Baƙi suka ragu, sannan suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa ɗai-ɗai. Amma Maman bai dawo ba, na kira wayarsa a kashe.

Sai ruwan ya zo. Ranar Lahadi ce, bayan azahar. Gari ya yi duhu kamar magariba, iska ta taso tana kaɗa kwanonin unguwa. Ina cikin ɗaki na ji wani abu ya faɗo a rufinmu, sannan wani. Na ɗauki Mujahida, ko takalmi ban sa ba, muka fito. Amma ina za mu? Matakala ta cika da ruwa mai ja da buhunan shara da duwatsu, in ka sa ƙafa ya tafi da kai. Muka maƙale a jikin ƙofar Barmawa, suka buɗe suka jawo yarinyar ciki. Ni na kasa shiga. Na tsaya ina kallon bangon. Ruwa ya cika ramin tushe, katako ɗaya ya zame, na ga bangon ya motsa da idona. Na tuna duk abin da muka mallaka yana ƙarƙashinsa, har hotonka da takardar haihuwar Mujahida. Bakina yana ta salati, ban ma san ina yi ba.

Ina nan tsaye sai na hango mutum yana hawowa ta cikin ruwan, yana dafa bango, wani lokacin har da rarrafe. Maman ne. Ashe yana can Hindawiyya ya ga hadari ya haɗu, ya kasa zama. Ko kallona bai yi ba. Ya hau, ya ɗauki shebur ya fasa wa ruwan hanya ta gefe, ya mayar da katakon da ya zame, ya sa kafaɗa ya tokare shi yana kiran maza da sunayensu. Suka fito. Mutanen da suka yi kwanaki ba su leƙo waje ba suka fito cikin ruwa, wani da katako, wani da ƙarfen gado, suka yi ta tokarawa. Ɓangaren sama ya ɓalle ya faɗo a kan rufinmu, ya huda kwanon daidai lungun da na janye katifa. Sauran ya tsaya.

Da ruwa ya ɗauke Maman ya zauna a kan bulo yana karkarwa, gwiwarsa tana jini. Na kawo masa shayi. Ya ce mini ya yi ta ganin Mujahida a ransa, sa'ar 'yarsa ce. Ya ce gobe zai dawo aiki, kuma ba zai tsaya ba sai ya gama, abin da Allah ya rubuta ya same shi.

Yanzu ana aiki, a hankali, ba hayaniya. Ni kuwa har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na tambayi wane ne kafin in buɗe. Mujahida ta fara fitsarin kwance, abin da ta daina tuntuni. Hajiya ta ce Malam yana can a ɗakin baƙinta, ya ƙi hawa gado, ba ya cin abin kirki, kullum yana zaune ya fuskanci ƙofa.

Ka gaishe mini da Inna. Ka kula da kanka, ka daina fita ba rigar sanyi.

Taka,
Kabira

Tandabawi, Makka
Farkon Rajab

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da kowa, Allah ya sa kuna lafiya. Wannan ba zan jira mai komawa ba, zan ɗauki hotonta in turo maka ta waya, domin maganar ba ta jira. Ka karanta kai kaɗai tukuna.

An gama ɗakin. Bango ya tsaya tun daga tushe, an sa rufi sabo, an kafa ƙofar Barmawa, Bayamale ya shafa farin fenti da hannunsa. Maman ya gyara mana kwanonmu da ya huje. Kayan da suka yi saura aka raba wa masu yoyo a unguwa, na'urar sanyin kuma aka kai masallaci. Matan da suka daina gaishe ni su ne suka share ɗakin suka turara shi.

Abu ɗaya ya rage, indararo, don ruwan rufin Malam ya daina zuba a kanmu. Nawaf ya sayo, ya zama bai yi daidai ba. Maman ya ce shi zai sauka ya zaɓo da kansa, ba nisa, nan bakin titi ne. Na ce ya bari Nawaf ya koma. Ya yi dariya ya ce kafin ruwan shayina ya tafasa ya dawo. Ya sauka da kayan aiki a jikinsa, duk siminti, silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da waya.

Ana duba iƙama a bakin titi ranar. Ba don mu ba ne, ba don bidiyon ba ne, irin wanda aka saba ne, irin wanda ya rutsa da kai. Wani direban tasi ya gan shi ana sa shi a mota, ya hawo ya gaya mana. Na zauna a ƙasa a inda nake. Hajiya da Nawaf sun yi ta zirga-zirga, amma ka fi ni sanin yadda abin yake. Jiya ya samu aron waya ya kira. Yana inda aka ajiye ka kafin a sa ka a jirgi. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya taɓa shi, an ce masa ba za su daɗe ba. Sannan ya ce in gaya wa Nawaf indararon mai faɗi zai saya, ya karkata shi wajen matakala. Ina kuka yana yi mini bayanin indararo.

Ranar Juma'a aka dawo da Malam. Bai iya hawa ba, Nawaf ne ya goyo shi. Unguwa duk ta fito, yara suna biye. Da aka sauke shi a bakin ƙofa ya miƙa hannu ya shafa bangon, ya bi shi da tafinsa har kusurwa, ya ce wannan aikin mai tsoron Allah ne. Sai ya ce a kira masa Maman ya sa masa albarka. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Ni na matsa na gaya masa.

Ya karɓi buzunsa daga hannuna, ya shimfiɗa a waje, a bakin ƙofar, ya zauna. Hajiya ta roƙe shi, limamin masallaci ya roƙe shi. Ya ce ba zai kwana a ƙarƙashin rufi mai kyau ba alhali wanda ya ɗora shi yana tsare saboda shi. Ya ce ranar da ya ji Maman ya shiga gidansa ya ga 'ya'yansa, ranar zai shiga. Tun ranar yana nan a waje. Mun kafa masa bargo ta gefen iska, amma sanyin asuba a saman dutsen nan ka san shi, ga shi ya fara tari irin naka.

Don haka ga abin da nake roƙonka. Ka je Mirriya gobe, kada ka aika kowa. Ka nemi Rumasa'u matar Maman ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a bakin duniya. Ka gaya mata yadda ya hawo cikin ruwa, ka gaya mata 'yarka tana raye saboda shi. Ka bar lambarka a wajenta. Ranar da aka ce su Maman sun sauka, ka je tasha ka tarye shi, ka tafi da shaddarka mai ruwan toka da takalmi, kada ya shiga garinsu da kayan siminti a gaban 'ya'yansa. Ka san yadda ka ji ranar da ka sauka ba kowa.

Da zarar ka gan shi ya taka ƙofar gidansa, ka kira ni, ko ina nake zan ɗauka, in hau in kara wa Malam wayar a kunne ya ji muryarsa. Kada ka jinkirta, Baban Mujahida. Ina rubutun nan ina jin tarinsa daga sama, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas.

Ka gaishe da Inna. Mujahida tana gaishe ka. Allah ya tsare mana kai, ya tsare mu.

Matarka mai jiran kiranka,
Kabira